Alhaji ya ce in riƙe masa littafi, amma bai faɗi albashi ba

"Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a Mabera. Na gama babbar difloma a fannin akanta a kwalejin Umaru Ali Shinkafi, na yi bautar ƙasa, yau shekara biyu ke nan ina zaune. Na kai takarduna bankuna da kamfanoni, shiru kake ji. Yanzu wani Alhaji abokin mahaifina, mai sarin kayan masarufi a Babbar Kasuwa, ya ce in zo in riƙe masa littafi. Da na yi maganar albashi sai ya ce, 'Kai dai taho, ai ɗana kake, ba mu ɓatawa.' Ga kuma wani ya ce in kawo naira 800,000 ya samo mani gurbi a wata hukumar tarayya, har mahaifiyata ta ce za ta sayar da filinta. Abokaina suna cewa zaman shago wulaƙanta kwali ne. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Idan na fahimce ka, kana tsaye ne tsakanin aikin da ka gani da idonka amma ba ka san ladarsa ba, da aikin da aka faɗa maka kuɗin sayensa amma ba ka gan shi ba, sannan ga bakin abokai yana ƙara maka nauyi. Na shafe fiye da shekara ashirin a harkar rarraba kaya tsakanin Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Da akawun sito na fara, daga baya na zama mai ɗaukar wasu aiki, na kuma sallami wasu. Da wannan idon zan duba maganarka.

Bari in fara kawar da zancen naira 800,000, don ba ya buƙatar dogon nazari. Kada a sayar da filin nan. Hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya ba ta sayar da gurbi, duk wanda ya karɓi kuɗinka rashawa ya karɓa, kai kuma rashawa ka bayar, kuma da wuya ka sake ganin kuɗinka ranar da ya daina ɗaga waya. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya binciki cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya. Ni kaina na san matasan da aka miƙa wa takardar ɗaukar aiki mai tambari da sa hannu, suka yi walima, suka je Abuja aka ce ba a san da zamansu ba. Fili a Sakkwato kullum daraja yake ƙarawa. Ka gaya wa mahaifiyarka ta bar abinta, addu'arta ta fi maka kuɗin.

Abin da kasuwar Sakkwato ke nema

Yana da kyau ka san garin da kake neman aiki a cikinsa. Kowace shekara Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, jami'ar jiha, kwalejinku da kwalejin ilimi ta Shehu Shagari suna yaye ɗalibai. Manyan wuraren da ke ba da takardar ɗaukar aiki kuwa kana iya ƙirga su da yatsu: gwamnati, kamfanin siminti na Kalambaina da ke hannun BUA, rassan bankuna, kamfanonin waya, ƙungiyoyin agaji, sai makarantu da asibitoci masu zaman kansu. Su ma bankunan yawancin ɗaukarsu daga hedikwata ake yi ta intanet, manajan reshe ba shi da ikon ɗaukar ka ko da ya so. Shi ya sa takardar da ka bari wurin mai gadi ba ta zuwa ko'ina. Ba raina ka aka yi ba, ƙofar ce ba nan take ba.

Dukiyar garin nan kuwa tana hannun 'yan kasuwa. Tana cikin tirelolin albasa da ke tashi zuwa Kudu, tana Kara wurin dabbobi, tana wurin masu fata da ƙirgi, tana hanyar Illela, tana sitocin shinkafa, sukari, fulawa da man girki. Mutum zai juya kuɗin da ya fi na wani ƙaramin kamfani, amma lissafinsa duka yana cikin kansa da wani tsohon littafi da shi kaɗai ke iya karantawa. A da hakan yana isa. 'Yan shekarun nan ne suka sauya lamarin. An rufe iyakoki a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, dole kowa ya koma tiransifa da na'urar POS. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, juyin mulkin Nijar a Yuli ya sake jawo rufe iyaka. Ɗan kasuwar da ya saba ƙirga kuɗi a hannu da yamma ya wayi gari ciniki yana shigo masa ta asusu uku ko huɗu, wani a wayarsa, wani a wayar yaronsa, ga masu turo alat na bogi.

Ga wani abin da ya karya mutane da yawa ba su ankara ba. A ce ka sari katan a naira 20,000, ka sayar 21,500, kana murnar ribar 1,500. Ka koma sari ka tarar ya kai 23,000. Kuɗin da ke hannunka ba zai maido maka katan ɗin da ka fitar ba. A littafi ka ci riba, a sito kuwa kayanka sun ragu. Haka jari ke zagwanyewa mai shi yana ganin kasuwa na tafiya. Mutumin da zai zauna ya nuna wa Alhaji wannan da alƙaluma, ya ce masa ga kayan da ke kawo kuɗi, ga wanda ke kwana a sito wata uku, ga bashin da ya wuce kwana sittin a hannun wane, wannan mutumin ba zaman banza yake yi a shago ba. Abin da aka koya maka a aji ne, kuma a nan ne ake jin ƙishirwarsa. Don haka ra'ayina ka karɓi aikin. Amma ba a kan "ba mu ɓatawa" ba.

Maganar albashi

A nan zan daɗe, domin nan ne na ga zumunci ya fi lalacewa. Alhaji ba lallai yana da niyyar cutar ka ba. Haka shi ma ya taso. A tsarin kasuwarmu na gado, yaro yana zama da ubangida shekaru, ana ci da shi, ana yi masa ɗinkin salla, a yi masa aure, in lokaci ya yi a sallame shi da jari ko a buɗe masa shago. Tsari ne da ya fitar da attajirai da yawa a garin nan, ba na raina shi. Sai dai ya dogara ne kacokan a kan alherin mutum ɗaya da tsawon ransa. Na san wanda ya yi shekara goma sha biyu yana jiran sallama, maigidan ya rasu, magada suka ce ba su san da wani alkawari ba. Ba su yi ƙarya ba, babu wanda ya taɓa faɗa musu. Kai kuma da shekarunka da karatunka, ba yaron da za a yi renonsa ba ne, ma'aikaci ne da za a ɗauka. Idan shi yana kallon ka a matsayin na farko, kai kana kallon kanka a matsayin na biyu, ƙarshen wata na fari za a fara jin ciwo, kowa kuma ya yi shiru saboda kunya, har ranar da abin zai fashe ya taɓa abotarsa da mahaifinka.

Kada ka ji kamar neman a faɗi lada rashin kunya ne ko ɗabi'ar 'yan boko. Duk wanda ya zauna zaure ya karanta Risala ya san cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, tana inganta ne idan an yanke lokaci an kuma ambaci lada. A cikin suratul Ƙasas, da za a ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aiki a Madyana, an faɗa masa shekara takwas, in ya cika goma to daga gare shi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Alhaji ya san waɗannan duka, wataƙila fiye da ni da kai. Tun ran gini tun ran zane.

Yadda za a yi maganar shi ne abin lura. Kada ka je shago ka tsaya gabansa cikin mutane ka ce nawa za a biya ka. Tunda ta hannun mahaifinka abin ya zo, ta hannunsa zai koma. Shi ko wani kawunka ya same shi a gida bayan isha'i, ya yi godiya, sannan ya ce, "Alhaji, yaron nan naka ne, amma don gudun shaiɗan ya shiga tsakani, a yanka masa abin da zai riƙa ɗauka a wata, ya san abin da zai tsara rayuwarsa a kai." Dattijo ba ya jin haushin wannan magana daga dattijo. Kafin a je, kai ka yi naka lissafin: kuɗin kabu-kabu daga Mabera zuwa kasuwa da dawowa kwana ashirin da shida, abincin rana, katin waya, da abin da za ka ajiye wa gida. Abin da ya gaza wannan ba albashi ba ne, kai ne za ka riƙa ciyar da aikin.

Ka san abin da doka ta ce, ko da ba za ka ɗaga ta a gabansa ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin shagunan sari ba su kai ba. Saboda haka ma'auni ne a gare ka, ba sanda ba. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayanin aikinsa, ladarsa da yadda za a rabu. Ta ce wanda ya yi wata uku zuwa shekara biyu a ba shi sanarwar mako guda kafin sallama, shekara biyu zuwa biyar mako biyu, daga biyar zuwa sama wata guda, kuma bayan wata goma sha biyu yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. A shagon Alhaji da wuya ka sami wannan, amma akwai tsarin ƙaramin fansho da aka buɗe a 2019 don masu sana'ar kansu da ma'aikatan ƙananan wurare, kana iya zuba kaɗan-kaɗan da kanka.

Takardar ba sai lauya ya rubuta ba. Shafi ɗaya da Hausa ya isa: aikinka kaza, albashi kaza ranar kaza, za a sake dubawa bayan wata uku, wanda zai bari ya ba da sanarwar wata ɗaya. Idan ka ga sa hannu zai yi masa nauyi, to bayan an gama magana ka tura masa saƙo a WhatsApp cikin ladabi, ka maimaita abin da aka yanke kana godiya, ya amsa ko da da murya ce. Idan kuma ya ce kason riba zai ba ka maimakon albashi, kada ka yi saurin murna. Ribar da ba a san yadda ake fitar da ita ba, kasonta ma ba a san shi ba. Ka karɓi albashi tukuna, in littafi ya zauna shekara guda, kowa ya ga ribar a rubuce, sai a yi zancen kaso.

In aka yi duk wannan ya ƙi faɗin komai, ya nace a kan sai dai ka zo kawai, to ka ba shi wata ɗaya na gwaji don girman mahaifinka, ka faɗi haka tun farko. Abin da ya miƙo maka a ƙarshen watan shi ne amsarka.

Ranar farko da watannin farko

Kada ka karɓi mabuɗi ko littafi sai an ƙirga kaya. Wannan na koye shi da kuɗina. Farkon aikina a wani sito, aka miƙo mani littafi aka ce komai daidai yake, na sa hannu saboda ina jin nauyin in ce a sake ƙirgawa. Bayan wata biyu aka yi ƙidaya, buhun sukari goma sha huɗu babu. Ban ɗauka ba, ban kuma san lokacin da suka fita ba, amma sunana ne a littafi. Wata biyar ana yankar albashina. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne kallon da aka riƙa yi mani. Don haka ka nemi a rufe sito rabin yini, a ƙirga buhu buhu, katan katan, jarka jarka, gaban Alhaji ko babban yaronsa, a rubuta, ku biyu ku sa hannu. Haka bashin da ake bin mutane: a zauna a karanto sunaye, a kira kowa ya tabbatar da abin da ke kansa. Za ka tarar wasu sun biya ba a goge ba, wasu an manta da su sam.

Daga nan komai ya fita sai da takarda. Abin da zai ba ka wahala ba baƙi ba ne, 'yan gida ne. Ɗan Alhaji zai zo ya ɗauki katan ɗin taliya, a aiko daga gida a ɗauki buhun shinkafa, Alhaji da kansa ya zura hannu a aljihun tebur ya ba mai roƙo ko ya yi gudummawar biki. Dukiyarsa ce, ba ka da hurumin hanawa, kuma kada ka gwada. Ka buɗe shafi ka sa masa suna "Gida", duk abin da ya fita ta nan ka rubuta da kwanan wata. Ƙarshen wata ka nuna masa shi kaɗai. Sau da yawa na ga maigida ya riƙe baki da ya ga jimillar, domin shekara da shekaru yana zargin yaransa da abin da gidansa ne ke ci.

Kuɗin shago kada ya taɓa shiga asusunka, ko da na minti biyar ne, ko da mai saye ya ce tasa hanyar ta ƙi tafiya. Kada a saki kaya da hoton rasit, sai kuɗi ya bayyana a asusun shago. Idan kasuwancin ba shi da rajista, ka lallaɓa Alhaji a yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a buɗe asusu da sunan, kuɗin ciniki ya rabu da na aljihunsa. Ka riƙa rubutu a littafi, ka kuma shigar a Excel ko da a waya ne, domin littafi shi Alhaji zai yarda da shi, kwamfuta kuma ita za ta fitar maka da lissafi cikin sauri.

Sai zama da mutane, wanda ya fi lissafi wuya. Za ka tarar da wanda ya yi shekara goma sha biyar a shagon, bai yi boko ba, amma ya san wane dillali ne ke cika alkawari, wane direba ne ke rage kaya a hanya, wane mai shago a Gwadabawa ko Tambuwal ake ba bashi ido rufe. Zuwanka zai tsorata shi, zai ɗauka an kawo mai sa ido ne. Ka gaishe shi da girmamawa, ka tambaye shi abin da ba ka sani ba, in ka gano kuskure a wurinsa ka same shi shi kaɗai kafin maganar ta kai sama. Sata daban, kuskure daban, kada ka haɗa su. In ka tabbatar sata ce, da hujja a rubuce, to amanar da aka ba ka ta wajabta ka faɗa. 'Yan dako da leburori kuma ka biya su a kan lokaci, su ne za su fara gaya maka in wani abu na tafiya ba daidai ba. Shi kuwa Alhaji, kada ka taɓa gyara masa magana gaban jama'a. Ka bari sai an natsa bayan la'asar, ka ce, "Alhaji, akwai abin da nake so ka duba mani."

Zancen abokai da neman wani aikin

Masu cewa ka wulaƙanta kwali, ka tambaye su abin da shekara biyun zaman majalisa ta ƙara wa nasu. Ni da nake zama a teburin intabiyu, idan matasa biyu suka zo da takarda iri ɗaya, ɗaya ya ce yana jiran aiki tun da ya gama, ɗaya ya ce ya riƙe lissafin sito mai kaya iri tamanin, ya rage bashin da ake bin mutane daga kaza zuwa kaza cikin wata shida, ba na dogon tunani. Kamfanonin da ke rarraba kaya a yankin nan kullum suna neman wanda ya san kasuwa, ya iya lissafi, kuma wani babba zai tsaya masa. Wakilansu suna shigowa shagon Alhaji kowane mako. Za su ga yadda kake aiki ba tare da ka kai musu takarda ba, yawancin waɗanda na ɗauka ta haka na gan su.

Don haka kada ka daina nema. Ka riƙa duba shafukan bankuna da kamfanoni da kanka, ka cike ta inda suka ce a cike, kyauta. Idan hali ya samu ka yi rajistar jarrabawar ICAN ko ka bi hanyar ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci da ke ba da takardar ƙwarewa, domin babbar difloma da takardar ƙwarewa da shekara biyu na aikin hannu sun fi digiri tsirara nauyi a wurin mai ɗaukar akanta. Ka faɗa wa Alhaji tun yanzu cewa kana da wannan niyya, kada ya ji a bakin wani. In tafiya ta zo, ka ba shi sanarwa, ka koya wa wani, a sake ƙirga kaya kamar ranar da ka zo, ka miƙa mabuɗi gaban shaida. Yana iya yiwuwa kuma ka tarar kasuwar ta shiga ranka, ka fi son ka buɗe naka da ka koma ofis. Na ga hakan ba sau ɗaya ba.

Ni ba lauya ba ne, in rigima ta kai ga shari'a sai ka nemi masana, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa da aka tanada don irin wannan. Kuma shawarata a kan abin da ka rubuto ta tsaya, Alhajin naku ku kuka san shi. Kafin mahaifinka ya je wurinsa, ka yi abu ɗaya: ka nemi mutum biyu da suka taɓa yi masa aiki suka bari, ka tambaye su yadda aka rabu, da ko yana biya a kan lokaci. A Babbar Kasuwa wannan ba zai ɗauke ka yini guda ba. In ka ji abin da ya kwantar maka da hankali, ka sayi babban littafi mai layi da biro biyu, ja da shuɗi, ka roƙi a sa ranar ƙidayar kaya kafin ranar fara aiki. Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a ciki. Ka gaida mahaifan naka.